Waya Mai Kai Biyar

Tsawar farkon damina ce ta kashe mana tsohuwar talabijin, mai ƙusumbin nan, wadda maigidana Bunyaminu ya fara sana'ar gem da ita, wasan nan na talabijin da samari ke biya su buga, tun kafin a kawo ni gidan. Shagonsa ɗaki ne da ke jingine da zaurenmu a Bagudo. Ƙofarsa tana kallon titi, bangonsa na baya kuma shi ne bangon madafata, saboda haka duk abin da ake yi a ciki ina ji, ko da yake ban taɓa taka shi ba. Lokacin da zai buɗe, dattawan unguwa da 'yan Hisba sun gindaya masa sharaɗi: ba caca, a rufe da an kira salla, kuma mace ba ta shiga. Ya riƙe sharaɗin nan da gaske, don shagon ne abincinmu.

Abokinsa Mudassiru, mai fataucin kayan lantarki na hannu daga Benin, shi ya kawo sabuwar. Ya ɗauko ta a babur daga Segbana, ya biyo ta Tsamiya, garin bakin boda, naɗe cikin bargo, ɗaure a bayansa kamar goyo. Filasma ce, faffaɗa, siririya kamar ƙyauren taga. Ranar samarin unguwa sun cika shagon har bakin kwata. Ina tankaɗe a madafa na ji an tada janareto, na ji an yi shiru, sai kuma dariya ta ɓarke. Wani yana cewa 'yan ƙwallon sun ci tuwo sun ƙoshi, duk sun zama gajeru masu tumbi. Wani ya ce ƙwallon kamar curin fura da ya jiƙa. Wani kuma ya tambayi Mudassiru ko a cikin kogi ya tsamo ta.

Da yamma maigidan ya shigo ransa a jagule. Ya zauna bakin tabarma ya yi mini bayani, ba don na tambaya ba, sai don ya rasa wanda zai gaya wa. Ya ce hoto ɗigo-ɗigo ne, kamar ɗinkin hula. Na'urar gem ɗinsa tsohuwa ce, ɗigon da take yi kaɗan ne, daidai cikin tsohuwar talabijin. Ita kuwa filasma gurabenta sun ninka haka nesa ba kusa ba, don haka sai ta ja kowane ɗigo ta baza shi ya cike gurbin maƙwabtansa. Na ce kamar a juye kokon mutum ɗaya a babban faranti ke nan. Ya ce haka ne, har ya ɗan yi murmushi. Ya ce kuma wayar da yake da ita, mai kai uku, ta bakin rawayan nan kaɗai take tura hoto, launuka duk a cuɗe. Akwai wata mai kai biyar da ke raba wa hoton hanya uku, ita ce maganin abin. Mudassiru ya yi alkawarin nemo ta a Faraku, can cikin Benin.

Muna da yara biyu. Zainulabideen yana goye a lokacin. Babbar, ɗiyata ta fari, tana cikin shekara ta shida. Sunanta Amatullahi, amma ni ba na faɗinsa. A gidanmu da gidan mijina duka, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye ta a ɗakin kakarta Inna Sabuwa, uwar maigidan, take kwana. In zan kira ta sai in ce "ke", ko "'yar Inna". Na taso na ga haka, ban taɓa jin nauyin abin ba sai a daminar nan.

Da safe, kafin samari su zo, ubanta kan ɗauke ta zuwa shago ya ɗora ta a cinya ta yi wasan tseren mota. Yarinya ce ƙarama, ba wanda ke ƙirga ta cikin mata. Tun da filasma ta zo sai ta riƙa dawowa tana ƙorafi. Ta ce motar ta narke. Ta ce ba ta ganin hanya sai ta faɗa rami. Ubanta ya ce gaskiyarta, shi ma in ya ja baya kaɗan ba ya iya karanta lambobin da ke saman kusurwa, kowa a shagon abin da yake faɗi ke nan.

Ni kuwa abin da nake gani a tsakar gida daban ne. Na miƙa mata moɗa ta kai hannu gefe. Ta taka yatsun ƙanenta yana rarrafe, ta rantse ba ta gan shi ba. In za ta dubi mutum sai ta karkata kai kamar kaza. Allonta na makaranta har hancinta yake taɓa shi, tawada tana ɓata mata fuska. Idon bai yi ja ba, ba ya ruwa, ba ta taɓa cewa yana mata ciwo ba. Da yana ciwo da abin ya zo mini da sauƙi, don kuka kowa yana jin sa.

Na daure na sami Inna Sabuwa tana tsinke zogale a inuwar ɗakinta. Na kewaya, na kewaya, sannan na ce ina ganin kamar idon yarinyar nan yana so a duba. Ta ɗago ta kalle ni sama da ƙasa.

"Wace yarinya?"

"Ta wajenki, Inna."

"To, tawa ce ashe. Mi ya kai idonki gare ta?" Ta yi dariya, ta kira maƙwabciyarmu Kubura ta kan katanga ta zo ta ji matan zamani, masu leƙen idon ɗan fari. Kubura ta ce saura in goya ta in kai ta kasuwa. Ba da mugunta suka yi ba. Inna tana son yarinyar fiye da ranta. Da ta gama dariya ta ce kallon wutar talabijin ne ya gajiyar da idon, ta ɗauko tozali ta ranbaɗa mata, ta ce da jikar tata ta daina bin maza shago.

Na koma wa maigidan. Na zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, bayan azahar, na lissafa masa abin da na gani. Ya saurara, don ba mutum ne mai faɗa ba. Amma ya ce yaro in ya yini yana ƙura wa hoto mai dishi-dishi ido, dole in ya fito ya ga duniya dishi-dishi, shi ma haka yake ji in ya rufe shago. Ya ce ya ma rage matsalar, ya matse hoton ya koma tsakiya, 'yan ƙwallon sun rame sun koma daidai, sai dai baƙin fili da ya rage dama da hagu, samari suna ta tsiya wai ya sayi babbar riga ya sa wa jariri. Ya ce in yi haƙuri waya ta zo.

Waya ba ta zo ba. Ana cikin damina aka rufe boda. Mudassiru yana can ɓangaren Benin, kayansa suka maƙale, shi ma ya maƙale. Tsamiya da ke cika da motoci ta koma kamar an share. Samari suka fara raguwa a shagonmu, suna tafiya wajen wani a bakin tasha da har yanzu yake da mai ƙusumbi. Ta bango nake jin yadda shagon ke yin shiru, maigidan shi kaɗai yana cire waya yana mayarwa.

Rannan ya ce zai je Birnin Kebbi, an ba shi labarin wani ɗan akwati da ake haɗawa tsakanin gem da filasma, yana ƙara wa hoto ɗigo. Na ce to ga hanya ta samu, ya tafi da yarinyar a duba ta a asibitin ido, tafiya ɗaya biyan buƙata biyu. Ya yi kamar zai yarda. Inna ta ji daga ɗakinta ta ce ba mai ɗaukar mata jika a kan hanyar nan cikin ruwa, yarinya lafiyarta lau tana cin tuwo tana wasa, asibiti ai sai marar lafiya. Ya dube ni, ya dubi ƙofar uwarsa, ya tafi shi kaɗai.

Ɗan akwatin bai yi ba. Hoton ya cika filasmar, amma dishi-dishin yana nan, kuma ya ƙaro wata matsalar: in ka danna, sai ɗan wasan ya tsaya tunani kafin ya buga. Maigidan ya ce akwatin ba ya ƙirƙiro ɗigon da babu, shi ma bazawa yake yi. Bai yi sati ba ya fara ɗaukar zafi, ya cire shi ya jefa a kwali.

Na shiga gwada ta da kaina, a ɓoye, in Inna ta tafi barka ko gaisuwa. Na zuba shinkafa a faifai na sa tsakuwa manya-manya na ce ta tsince. Da yatsu ta lalubo su, idonta yana wani wajen. Na tsaya bakin rijiya na ɗaga ludayi na ce mene ne wannan, ta ce muciya. Na gaya wa ubanta. Ya ce yara haka suke, in sun ga ana gwada su sai su yi shirme. Na fahimci duk gwajin da zan yi a tsakar gida, gwajin uwa ne, ba zai karɓu ba. Shi abu ɗaya ya yarda da shi, filasmarsa. Ni kuma ban taɓa ganin hoton da ake magana a kai ba, balle in ce ƙarya ne.

Saboda haka na canza roƙo. Na ce ban ƙara maganar asibiti ba, amma ina son alkawari ɗaya. Ranar da wayar ta zo, kafin kowa ya gani, ya shigo da filasmar cikin gida, ya haɗa a gabana da gaban Inna, ya ba yarinyar. In ta ce ta gani tas, na yi shiru har abada. In ta ce da saura, washegari mu kama hanya. Ya yi dariya ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Na ce ya faɗa da bakinsa. Ya ce ya yi alkawari.

Daga nan na koma jiran waya fiye da shi. Duk wanda na ji ya fito daga wajen Lolo ko Kaoje, ta ɓangaren boda, sai in aika a tambaye shi labarin Mudassiru. Ruwa ya ɗauke, aka yanke shinkafa, yarinyar ta daina fita wasan gaɗa da yamma. Ta ce ba ta so. Sai ta zauna kusa da murhu tana jan zaren tabarma. Wata rana da hantsi rana ta faɗo mata a fuska, na ga wani abu fari-fari a tsakiyar baƙin idonta na hagu, kamar ɗigon nono a cikin shayi. Na nuna wa Inna. Ta ce hasken rana ne, amma na lura ta daɗe tana kallo, kuma ranar ba ta kira Kubura ba.

Mudassiru ya dawo wata Alhamis, ta kogi, cikin kwalekwalen masunta, ba kaya sai abin da ke aljihunsa. Wayar tana ciki, tana warin busasshen kifi. Washegari Juma'a, shago a rufe har a sauko daga masallaci. Da hantsi maigidan ya rungumo filasmar ya shigo da ita ɗakina, ya jingina ta a kan akwatin kayana, ya jawo wayar janareto ta taga. Inna ta zo ta zauna bakin gado tana cewa yau ga ikon Allah, an kawo sinima cikin ɗaki. Yarinyar tana gefenta.

Ya ce bari ya fara da tsohuwar wayar, don in gani da idona ba sharri yake wa filasma ba. Ya haɗa. Gaskiya ya faɗa. Hoton kamar an shafa masa man kaɗe, gefen kowane abu yana rawa, rubutun ƙasa ba ya karantuwa. Na ce a raina ashe haka abin yake, wataƙila ni ce na ɗaga hankalina a banza. Ban taɓa son in zama marar gaskiya kamar lokacin nan ba.

Ya zare ta, ya ɗauko mai kai biyar. Kore, shuɗi, ja, sannan ja da fari na sauti. Ya bi ramukan bayan filasmar yana sakawa ɗaya bayan ɗaya. Allon ya yi baƙi ƙirin. Ya ce kada mu damu, sai an gaya wa na'urar ta canza hanyar da take turo hoto, kuma a makance ake yi, Mudassiru ya koya masa. Ya riƙe abin dannawa yana danne-danne yana motsa baki. Bai samu ba ya sake. Sai ga hoto ya faɗo.

Ni da ban san gem ba na ga bambanci. Ga hanya baƙa da farin layi a tsakiya, ga itatuwa kowanne da ganyensa, ga jar mota har lambar bayanta ana karantawa. Maigidan ya buga cinya ya ce alhamdu lillahi, yau mai ƙusumbin bakin tasha ya shiga uku. Inna ta ce kai, har da tsuntsaye. Ya jawo yarinyar ya zaunar da ita a gabansa, ya danƙa mata abin dannawa, ya ce to Amatu, ga hanya nan, a nuna wa Inna tuƙi.

Ta riƙe. Ta karkata kai. Ta matsa gaba da gwiwa, ta ƙara matsawa, har numfashinta yana taɓa gilashin. Motar ta tashi ta daki shinge ta tsaya, injinta yana ta kuka.

"Baba," ta ce, "ka sa sabuwar wayar mana."

Janareto yana ta yi a waje. Na sauke Zainu daga bayana na ajiye shi a kan gado, na durƙusa a bayanta, na sa tafin hannuna na rufe mata idon hagu.

"Amatullahi, mi kike gani?"

Na ji Inna ta ja numfashi. Yarinyar ma ta waigo, don ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Na juya kanta ga filasmar. Ta ce tana ganin abu ja, da kore a gefe. Na mayar da hannuna na rufe na dama.

"Yanzu fa?"

"Kin rufe mini duka biyu."

Hannuna ɗaya ne a fuskarta. Idon hagu a buɗe yake, yana kallon jar motar. Maigidan ya miƙa hannu ya kashe filasmar. Inna ta tashi ta fita, na ɗauka faɗa za ta yi, sai ga ta ta dawo da ɗan mayafin yarinyar da takalmanta na salla, ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce gobe mu kama motar farko, ita za ta riƙe Zainu. Na ce yana shan nono, da shi zan tafi. Ta ce to. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

A Birnin Kebbi mun yini a kan benci kafin a kira mu. Likitar mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta ɗiga wa yarinyar magani, muka jira, sannan ta sa haɓarta a kan wani ƙarfe ta haska mata siririyar fitila. Ta daɗe a kan na hagu. Ba ta ɗago ba ta tambaya tun yaushe yarinyar take cewa ba ta gani sosai.

Na bar wa ubanta amsar. Ya ce, "Tun da muka sayi filasma."

Likitar ta ce ita watanni take tambaya. Na ce tun farkon damina.

Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce kumburi ne a can cikin idon, irin wanda a yara ba ya ciwo, ba ya sa ja, yana ci a ɓoye. Shi ya jawo yanar da na gani. Na dama ma akwai yanar, amma jijiyar tana da rai, za a fara da maganin ɗigawa, in kumburin ya kwanta a tura mu Sakkwato a yi aiki, kuma tana sa rai. Na hagu ta ce za su yi abin da za su iya don kada ya dame ta da ciwo nan gaba. Na tambaye ta gani fa. Ta ce kada in sa rai da wannan. Na tambaye ta da mun zo da damina fa. Ta dubi maigidan, ya sunkuyar da kai, ta ce yanzu abin da ke gabanmu shi ne na dama, kada a tsallake ɗigo ko sau ɗaya, kuma wa zai riƙa sa mata. Na ce ni. Na ce daga yau a ɗakina za ta riƙa kwana. Maigidan ya ce haka ne.

A motar dawowa tana kan cinyata, Zainu yana kan ta ubansa. Maganin da aka ɗiga ya buɗe mata ido, hasken yamma yana damunta, na rufe mata fuska da gefen hijabina. Mun wuce gonakin shinkafa da aka yanke, mun hau gadar kogi. Can ta motsa daga cikin hijabin.

"Baba, in mun koma za ka gyara filasmar?"

Ya juya fuska wajen taga.

"Filasma ta gyaru, Amatullahi," na ce mata. "Idonki ne da saura. Shi za mu gyara, na dama. In mun isa zan ɗiga miki magani, zai yi zafi kaɗan, ba za ki murza ba."

Ta ce to. Na laluba jakata na tabbatar kwalbar tana nan, na riƙe ta a hannu har muka shiga Bagudo.